Sa Nawa Ke Biyan Mota? Takardar Neman Aiki Da Lissafin Mayar Da Uwa



A shekarar 2024, bayan Sallar layya, na yanke shawarar ɗaukar malamin lissafi. Ido ya fara rauni, mantuwa ta fara yawa, ga bashi warwatse wajen mahauta tun daga nan Maraɗi har Legas, kuma ni kaɗai ke riƙe da shi cikin wani tsohon kaye da na cika da ajami, wanda in na kwanta ciwo ba mai iya gane kansa a gidana. Na shaida wa dillalai biyu cewa ina neman yaro mai bik da kaye, kuma duk mai so ya rubuto takarda da kansa, kar ya aiko mini baffansa ko wansa. Cikin kwana 10 takarda 14 sunka iso hannuna.

To jama'a, abin da na gani cikin takardun nan shi ya sa ni wanga rubutu, domin da yawa daga cikinmu muna da ƴaƴa da ƙanne da sunka ƙare lakwal suna yawo da takardu buro-buro, ba mu san abin da suke rubutawa ba, sai dai su dawo su ce mana ba a ɗaukar kowa sai mai hanya. Hanya tana aiki, ban musa ba. Amma wata takardar ko ɗan cikinka ya rubuto ta ba ka iya ɗaukarsa.

Takarda 9 cikin 14 kusan bakinsu ɗaya. Ka san wajen mutum guda anka buga su, irin masu na'ura na bakin kasuwa, suna kawai ake canjawa. Ɗaya ma an manta ba a canja ba: a sama an rubuta zuwa ga shugaban wata ƙungiyar agaji, a ciki yaron yana cewa tun yana ƙarami yake sha'awar aikin lafiyar yara. Ni kuwa shanu gare ni. Huɗu kuma roƙo ne tsantsa, mahaifi ba lafiya, gida ba hatsi, a taimaka don Allah. Wallahi na tausaya, har biyu daga ciki na aika musu da abin da ya sawwaƙa. Amma neman taimako daban, neman aiki daban, kuma mai riƙe maka littafin bashi ba da tausayi ake zaɓensa ba.

Ta 14 da hannu anka rubuta ta, shafi guda bai cika ba. Ga abin da ke ciki, na cire suna:

"Zuwa ga Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ji daga bakin dillalinka cewa kana neman mai riƙe maka lissafi, shi ya sa na rubuto. Na ƙare lakwal da takardar BEPC, ina rubutu da Hausa da Faransanci, ina kuma karanta ajami. Shekara 3 ina rakiyar mota zuwa Legas a hannun kawuna, tafiya 17, ni ke rubuta abin da anka kashe a hanya. Na iya fitar da yawan shanun da za su biya mota tun kafin a ɗora, da kuɗin da in anka taya ƙasa da shi ba a sallamawa. Na sa misali ɗaya a bayan takardar nan. Kwamfuta ban iya ba tukuna, da waya nake lissafi. In Alhaji ya yarda ya gwada ni tafiya ɗaya, in bai ga amfanina ba, ba ni da magana. Kawuna da sarkin kara sun san ni, ana iya tambayarsu."

Na juya bayan takarda. Abin da na tarar shi ne lissafin da na shekara 30 ina yi da ka, wani lokaci daidai, wani lokaci lissafin dokin Rano, ga shi yaro ya jera shi layi-layi. Bari in kawo muku shi yadda munka gyara tare daga baya. Lambobin na misali ne don a gane hanya, ba farashin kasuwar wani mako ba, kowa ya cire su ya sa nasa. Jikka ɗaya sefa 1,000 ke nan, don ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka.

Ɗawainiya iri biyu ce

Duk kuɗin da ke fita aljihunka a tafiya guda, ko dai yana bin kan bisa, ko kuwa tsaye yake ba ruwansa da yawan bisashe. Nan ne gindin maganar, wanda ya rarrabe biyun nan ya gama rabin aiki.

Ɗawainiyar tsaye ita ce wadda za ka biya ko sa 10 ka ɗora ko 30. Mu ce hayar mota jikka 850, yaran rakiya biyu da abincinsu 110, abin da ake kashewa a shingayen hanya bisa mota 170, guzurinka da masaukinka 70. An haɗa jikka 1,200. Direba bai rage maka don motarka ba ta cika ba.

Ɗawainiyar kai kuwa ita ce wadda ke ƙaruwa duk sanda ka ƙara sa ɗaya. Mu ce kuɗin sayen sa jikka 400, la'adar dillali da harajin kasuwa 10, takardar likitan dabbobi da ta duwan 15, ciyawa da ruwa kafin a ɗora da bayan an sauke 10, la'adar wajen sayarwa 5. Kowane sa ya tsaya maka jikka 440 ke nan, ban da mota.

Yanzu a ce a can ana sallama irin wanga sa a kan abin da ya yi daidai da jikka 500. A nan ne da yawa daga cikinmu ke ruɗin kansu. Mutum ya ce na saya 400 na sayar 500, na ci 100. Ina! Kallon kitse ne ake wa rogo. Cire 440 daga 500, saura 60. Kuma 60 ɗin nan ma ba riba ba ce tukuna, gudummawa ce da kowane sa ke kawowa don a biya mota da sauran ɗawainiyar tsaye. Sai ta biya su tas sa'an nan abin da ya biyo baya ya zama naka.

To sa nawa ke biyan mota? Raba 1,200 da 60, ya ba ka 20. Watau sa 20 na farko duk na direba ne da yara da masu shinge. In ka sayar da 20 ka mayar da uwa, ba ci ba faɗuwa. Daga na 21 riba ke farawa. In mota ta ɗauki 30, ribarka sa 10 sau 60, jikka 600. In 24 kaɗai ka samu ka ɗora don kasuwa ta yi tsauri, ribarka sa 4, jikka 240. Ka ga shanu sun ragu da kashi ɗaya cikin biyar, riba kuwa ta ragu da fiye da rabi. In 18 ka ɗora, ka tafi Legas ka dawo don ka yi asarar jikka 120, ko da kowane sa ka sayar da shi yadda kake so.

Akwai kuma juya lissafin ta ɗaya gefen, wanda shi ya fi amfani in kana tsaye cikin kara mahauci na taya maka. Raba ɗawainiyar tsaye da yawan shanun da ka ɗora, ka ɗora bisa ɗawainiyar kai. Da sa 30: 1,200 raba 30 ya ba da 40, a haɗa da 440, ya zama 480. Wannan ita ce ƙasan da ba ka sauka. Da sa 24, 50 ne ke hawa kan kowane, ƙasanka 490. Lambar nan a rubuta ta a tafin hannu in ta kama. Na san shanu ba kuɗi ɗaya gare su ba, akwai bajimin Azawak akwai ramammen da anka cika mota da shi, amma matsakaicin abin da ka sallama kada ya faɗo ƙasa da lambar nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro da na ga lissafin a rubuce shi ne yadda ƙaramin motsi ke cinye komai. Kasuwa ta sauka daga 500 zuwa 480, abin da mu ke cewa ta ɗan yi sanyi. Gudummawar kowane sa ta koma 40, kuma 1,200 raba 40 ya ba da 30. Mota duka ta tafi biyan kanta. In ta sauka 470, gudummawa 30, sai ka sayar da sa 40 kafin ka mayar da uwa, alhali motar 30 take ɗauka. Wannan tafiya tun daga gida an faɗi, ko da ba abin da ya faru a hanya.

Hanya kuwa ba ta rasa abin da ke faruwa. Duk abin da ka zuba a tafiyar nan, sa 30 sau 440 a haɗa da 1,200, jikka 14,400 ne. A ce sa ɗaya ya faɗi cikin mota ƴan'uwansa sunka tattake shi kafin yara su lura. Saura 29, sau 500, jikka 14,500. Ribar 600 ta koma 100. In biyu ne, 14,000 ka kama, ka faɗi da 400. Shi ya sa yaron rakiya nagari, mai raba dare yana tada wanda ya kwanta, ya fi kuɗin da muke ba shi nesa ba kusa ba. Wanda ke rage wa yaran rakiya jikka 10 don ya yi tsimi bai yi lissafi ba.

Sai maganar canji, wadda ta kassara mutane da yawa da na sani. Da sefa muke saye, da naira muke sayarwa. Sefa ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957. Naira kuwa tun da Nijeriya ta sake ta a watan Yuni na 2023, dala ɗaya ta Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. Dattawan cikinmu sun tuna Janairun 1994 sanda anka karya darajar sefa da rabi, shanunmu sunka yi araha ga masu saye na kudu, ciniki ya buɗe. Wagga karon abin ya juyo ta kanmu. A misalinmu, in ka sayar da 30 duka ka kama abin da ya kai jikka 15,000, ribarka 600 ce, watau kashi 4 cikin 100 kacal. In naira ta zube da kashi 4 cikin 100 tsakanin ranar da ka sallama da ranar da ka canja, ka yi aikin banza. In da kashi 10 ta zube, 13,500 za ka ƙirga, asarar 900. Mahaucin da ya ce ka ba shi mako uku ya biya, ko da mai gaskiya ne, makon ukun nan kuɗi ne, ga canji ga ciyawa ga masauki. Haka sanda iyaka ta rufe, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan Yulin 2023 har farkon 2024: wanda ya bi ta daji ya ƙara ɗawainiya, wanda ya jira ya ciyar, kowanne ƙasansa ya hau, amma kaɗan ne sunka zauna sunka sake fitar da lambar.

Abu ɗaya yaron ya manta, ni na ƙara masa: wahalar mai kaya. Kwanakin da ka yi kana bin kasuwanni kana tara shanu, da na hanya, da na jiran biya, in wani ka sa ai sai ka biya shi. Sa wa kanka lada cikin ɗawainiyar tsaye. In ba ka sa ba, abin da kake kira riba wani lokaci ladan ƙafarka ce kawai.

Mai neman aiki ma ɗawainiyar tsaye ne

Yanzu mu koma kan takarda, don lissafin nan shi ke bayyana abin da ya sa 13 sunka faɗi ɗaya ta tsaya. Ɗan samari, ka sani duk wanda zai ɗauke ka aiki, ɗan kasuwa ne ko kamfani ko ƙungiya, albashinka ɗawainiyar tsaye ce gare shi. An yi ciniki ba a yi ba, wata ya ƙare sai ya biya. Doka a Nijar ta sa mafi ƙarancin albashi sefa 42,000. A ce jikka 60 zan ba malamin lissafi a wata, 720 a shekara. In tafiya 6 nake yi a shekara, kowace tafiya ta ɗauki 120. Ɗawainiyar tsaye ta tashi daga 1,200 zuwa 1,320, raba da 60, ya ba da 22. Ka ga daga ranar da na ɗauke ka, sa biyu a kowace mota naka ne. Tambayar da ke cikin raina sanda nake karanta takardarka ita ce, mi wanga yaro zai tsare mini ko ya kawo mini da ya kai sa biyu? Takardar da ta amsa wannan ita ake ajewa gefe. Saura a ƙunsa ƙosai.

Saboda haka fara da aikin da kake nema da inda ka ji labarinsa, cikin layi biyu na farko, bayan gaisuwa gajera. Gaisuwa wajibi ce, amma wani ya cika rabin shafi da kirari, mai girma, mai daraja, uban marayu, har na gaji ban kai ga abin da yake so ba. Ka tabbata sunan wanda kake rubuta wa da muƙaminsa daidai suke. Takarda ɗaya ba ta zuwa wuri biyu, kowane wuri a sake rubuta tasa.

Sa'an nan ka faɗi abin da ka taɓa yi, da lamba. "Ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya da riƙon amana", duk 14 sun faɗi haka ko makamancinsa, har wanda ya kwafi takardar wani. "Shekara 3, tafiya 17" kuwa abu ne da zan iya aikawa a tambaya. Kada ka raina abin da ka yi don ba a buro ka yi shi ba. Ka riƙe wa mahaifiyarka lissafin adashe na mata 20 shekara biyu ba a taɓa rigima ba? Rubuta. Ka tsare shagon wanka sanda ya tafi Makka, kaya ba su ɓata ba? Rubuta. Ka turke raguna 5 ka san abin da kowane ya ci na dusa da harawa har ranar da anka sayar? Wannan ai shi ne aikin. Amma zaɓi abin da ya shafi aikin da kake nema, biyu ko uku sun isa.

Abin da ba ka iya ba, in aikin na bukatarsa, faɗi da bakinka a layi ɗaya ka wuce. Yaron nan da ya ce bai iya kwamfuta ba, nan ne na yarda da sauran maganarsa. Wanda ya ce ya iya komai, rana ɗaya ta ishe shi kunya. Talaucin gida kuma a bar shi waje. Maganar albashi ma kada ka fara ta sai in sanarwar ta ce a faɗa, lokacinta na zuwa in an zauna. Kawo sunan mutum biyu da sunka san aikinka, amma ka nemi izininsu tukuna, kada a je tambaya su ce wane ne haka. Ka rufe da abin da kake roƙo a fili: a kira ka, ko a gwada ka. Sa lambar waya wadda ke kunne, sa kwanan wata, sa hannu. Shafi ɗaya. Ba wani ya karanta maka kafin ka kai, ka kuma riƙe kwafi.

Ga masu neman aikin buro, irin wanda ake kafa sanarwarsa a ofishin ANPE ko a ƙofar ƙungiyoyi, ƙa'idar ɗaya ce, sai dai a bi sanarwa sawu da ƙafa. In anka ce a rubuta da hannu, da hannunka. In anka ce a manna tambur, a manna. Takardar tarihin karatu da aiki, wadda suke kira CV, daban take tafiya, kada ka sake kwafe ta cikin takardar neman aiki, ita wannan aikinta ta nuna abin da ke cikin tarihinka da ya dace da aikinsu. Harshe kuwa, ko da yake tun 2025 kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ka amsa da harshen da anka yi sanarwa da shi. Ranar rufe karɓa in ta wuce, ko takardar zinariya ce ba a dubawa.

Yaron na kira shi na gwada shi tafiya ɗaya kamar yadda ya roƙa. Kafin tafiya ta biyu, mun riga mun tara shanu 12 sai ya zo mini da kaye da yamma, ya ce: "Baba Alhaji, na buga waya Legas wajen mutum uku, na kuma tambayi ƴan canji. In munka ɗora a wanga farashi, sai mun sayar da 37 za mu mayar da uwa." Na karɓi kayen na bi layi-layi har sau biyu ina neman inda ya yi kure, ban samu ba. Na riga na ba direba kafin alƙalami jikka 50, na bar masa. Shanu 12 ɗin munka kora Jibiya munka sayar da 9, sauran 3 na turke su a gida har kasuwa ta farfaɗo.